Me ya sa Henry Ossawa Tanner ya bar Amurka ya ƙare rayuwarsa a Faransa?

Tambaya: "Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin zane ne, ina shekara ta biyu. Na ga hoton wani zane na wani tsoho baƙar fata yana koya wa ƙaramin yaro kiɗa, wallahi ya shiga raina sosai, aka ce min wani Ba'amurke ne mai suna Tanner ya zana shi amma wai a Faransa ya yi rayuwarsa. Me ya kore shi daga ƙasarsu? Sannan wani abokina ya ce wai da ya samu suna sai ya daina zana baƙaƙen fata ya koma zanen labaran Baibul don Turawa su saya, wato ya juya wa mutanensa baya. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta farko me ya fitar da shi daga Amurka, ta biyu kuma ko da ya fita ya sayar da kansa ne. Ta farkon tana da sauƙi. Ta biyun ita ce aka daɗe ana jayayya a kai tun mutumin yana raye, kuma abokin naka ba shi ya fara faɗa ba, manyan masana baƙaƙen fata sun riga shi. Ni dai ban yarda da su ba, amma bari in fara daga tushe don ka ga dalilina.

Gidan da ya fito

An haifi Henry Ossawa Tanner ranar 21 ga Yuni 1859 a Pittsburgh, jihar Pennsylvania. Ka riƙe shekarar nan da kyau, domin sai 1865 aka haramta bauta a Amurka gaba ɗaya, kenan yana ɗan shekara shida ana sayar da mutane masu irin fatarsa a kasuwa a kudancin ƙasar. Mahaifiyarsa Sarah ma a cikin bauta aka haife ta a Virginia, tana yarinya aka kuɓutar da ita zuwa arewa ta hanyar masu taimakon bayi su gudu a ɓoye. Mahaifinsa Benjamin Tucker Tanner malamin coci ne mai ilimi, editan jarida, daga baya a 1888 ya zama bishop a cocin baƙaƙen fata da ake kira AME. Hatta sunan nan na tsakiya, Ossawa, ba a banza aka raɗa masa ba, daga Osawatomie aka ɗauko shi, wani gari a Kansas inda John Brown, wani farar fata mai yaƙi da bauta, ya gwabza da masu goyon bayan bauta a 1856. To ka ga gidan da ya tashi, gida ne na littafi da addu'a da gwagwarmaya, ƙanwarsa Halle ita ce mace ta farko da aka ba lasisin aikin likita a jihar Alabama. Duk wanda zai yi maka bayanin Tanner bai fara da gidan nan ba to rabin labari zai ba ka.

Sun koma Filadelfiya yana yaro. Yana wajen shekara 13 suna yawo da babansa a lambun Fairmount ya ga wani mutum yana zana bishiyoyi da tudu, shi ke nan abin ya kama shi. Baban bai so ba da farko, kamar dai yadda iyayenmu suke yi, zane ai ba sana'a ba ce a ganinsu, sai ya kai shi koyon aiki a injin niƙan fulawa, aikin ya kwantar da shi rashin lafiya, daga nan iyayen suka sakar masa mara. Ya shiga makarantar zane ta Pennsylvania Academy of the Fine Arts wajen 1880, ya yi karatu a hannun Thomas Eakins, malamin da ke tilasta wa ɗalibai su san ƙashi da tsoka da jijiya kafin su ce za su zana mutum, har gawa ake feɗewa a gabansu. Idan ka duba hannayen tsohon nan a zanen da ka gani za ka ga tarbiyyar Eakins, hannu ne mai ƙashi a ciki, ba safar hannu da aka cusa wa auduga ba.

Amma a wannan makarantar ne, kamar yadda wani abokin karatunsa ya rubuta daga baya, wasu ɗalibai farare suka ɗaure shi a jikin katakon da yake jingina zane suka fitar da shi suka ajiye a tsakiyar titi. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Yaro ne ɗan gidan mutunci, mai kunya, ya zo koyon aiki.

Ya yi ta fama shekaru yana neman mai sayen aikinsa babu. A ƙarshen shekarun 1880 ya tafi Atlanta ya buɗe shagon ɗaukar hoto da tunanin hoto zai ciyar da shi ya samu lokacin fenti, shagon ya durƙushe. Ya ɗan koyar da zane a jami'ar Clark. A nan wani malamin coci farar fata, Joseph Hartzell, da matarsa suka shirya masa baje kolin zanensa a Cincinnati a 1890, ko ɗaya ba a saya ba, sai su biyun suka saye duka. Da wannan kuɗin ya hau jirgin ruwa a Janairun 1891. Roma ya nufa fa, Faris zango ne kawai a hanya, amma da ya sauka sai ya kasa wucewa.

Abin da ya tarar a Faris

Kar ka ɗauka shi kaɗai ne ya tafi. A zamanin duk Ba'amurken da ke son ya zama mai zane na gaske Turai yake nufa, Whistler ya zauna a Landan da Faris, Mary Cassatt a Faransa ta ƙare rayuwarta, Sargent ma a Italiya aka haife shi. Makarantu suna can, manyan gidajen adana zane suna can, uwa uba akwai Salon, baje kolin shekara-shekara na Faris inda alƙalai ke tace dubban ayyuka, wanda aka rataye aikinsa a can ya shiga sahu, wanda ya samu lambar yabo kuwa kasuwarsa ta buɗe har gida Amurka. Don haka tafiyar Tanner ba abin mamaki ba ce. Zamansa ne abin dubawa, domin da yawa cikin abokansa farare sun yi shekara uku huɗu sun koma gida sun samu aikin koyarwa da masu sayen hotuna, shi kuwa ya san abin da ke jiransa in ya koma.

Ya shiga makarantar Julian, ya yi karatu wurin Benjamin-Constant da Jean-Paul Laurens, in zafi ya yi ya tafi ƙauyukan Brittany irin su Pont-Aven da Concarneau yana zana mutanen karkara. Abin da ya samu a can wanda bai samu a gida ba ƙaramin abu ne a baki amma babba ne a rai: malami zai tsaya a bayansa ya kalli ƙyallen zanen ya ce nan ya yi nan bai yi ba, zanen ake kallo kafin a kalli mai zanen. A Amurka kuwa ko yabonsa za a yi sai an ce "baƙin mai zane", kamar abin mamaki ne a ce baƙi ya iya riƙe buroshi, kuma wannan laƙabin ya dame shi har tsufansa.

Ga wani abu da nake so ka haɗa. A 1896 zanensa na Daniyel a ramin zakuna ya samu yabo na musamman a Salon. A wannan shekarar ce kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plessy cewa raba baƙi da fari a jirgin ƙasa da wuraren jama'a halal ne a doka. Wato a shekara guda, ƙasar da ba tasa ba tana karrama shi, tasa kuma tana tabbatar da cewa a kudu ba zai zauna a tarago ɗaya da farar fata ba. Shekara ta gaba, 1897, zanensa na tayar da Li'azaru daga kabari ya samu lambar yabo, gwamnatin Faransa ta saye shi ta kai gidan zane na Luxembourg, yanzu yana gidan Orsay a Faris, karramawar da Amurkawa 'yan kaɗan ne suka taɓa samu a lokacin. Sannan a 1899 ya auri Jessie Olssen, mawaƙiya farar fata 'yar San Francisco mai asali da Sweden, a lokacin da jihohi da dama a Amurka aure tsakanin baƙi da fari laifi ne da ake ɗaure mutum a kai. Sun gwada zama a New York na ɗan lokaci, a can aka haifi ɗansu Jesse a 1903, amma suka tattara suka koma Faransa. To ka ga amsar tambayarka ta farko, ba abu ɗaya ba ne, sana'a ce da mutunci da iyali suka haɗu wuri ɗaya.

Sai dai ina jan kunnenka kar ka ɗauki Faransa ta wancan lokaci a matsayin gidan adalci. Mu nan mun san wata fuskar tata. A 1899 ɗin nan da Tanner ke ɗaura aure, sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suna ƙone garuruwa a ƙasar Hausa, sun yi ɓarna a Birnin Ƙonni, sun gwabza da Sarauniya a Lugu, ragowar rundunar ta ci Damagaram. Faris tana iya rungumar baƙin Ba'amurke guda mai ilimi da baiwa a daidai lokacin da take taka wuyan kakanninmu. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina so ɗalibaina su riƙe su tare.

Zanen da ka gani

Sunansa The Banjo Lesson, wato darasin banjo, na 1893, yana gidan tarihin jami'ar Hampton a Virginia. Abin lura, ba a Faransa ya zana shi ba, zazzaɓin taifot ne ya kama shi ya dawo gida Filadelfiya jinya, a wannan zaman ne ya yi shi, kuma a shekarar ya yi jawabi a wani taro kan Afirka a Chicago game da baƙaƙen Amurka da fasaha. Ita banjo ɗin ma tamu ce ta asali, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta da duma da fata, dangin gurmi da molo ce. Amma kafin zamanin Tanner farare sun mayar da ita kayan izgili, su shafa baƙin gawayi a fuska su hau dandamali suna washe baki suna tsalle wai suna kwaikwayon baƙar fata, duk hoton da za ka gani na baƙi da banjo to na wawa ne mai dariya. Shi sai ya zana ba mai dariya ko ɗaya. Tsoho yana zaune, yaro ba takalmi yana tsaye tsakanin gwiwoyinsa, tsohon ya tallafe wuyan banjo don nauyi kar ya rinjayi yaron, dukansu kai a sunkuye, hankali yana kan yatsu. Tukwane a ƙasa, tebur da farin ƙyalle a baya. Ilimi ne ke wucewa daga hannu zuwa hannu, kamar yadda za ka ga maƙeri da jikansa.

Haske biyu ne a cikin zanen, kuma nan ne gwanintar take. Daga hagu akwai haske mai sanyi mai shuɗi-shuɗi kamar na taga, daga dama akwai mai ɗumi na wutar murhu wadda ba a nuna ta ba, tsohon ya fi yawa a cikin sanyin, fuskar yaron kuma ɗumin ne ya taɓa ta. Ni duk shekara sai na sa ɗalibaina sun gwada wannan. Mu rufe tagogi mu bar ɗaya, mu kunna fitilar ƙwai a ɗaya gefen, wani ya zauna a tsakiya. Kusan kowa a karon farko kuskure ɗaya yake yi, ya ɗebo ruwan ƙasa ya haɗa da baƙi ya shafe fuskar duka, sai fuskar ta mutu. Baƙar fata ba launi ɗaya ba ce, tana ɗaukar hasken da ke kusa da ita ta mayar, goshi ya yi shuɗi, kunci ya yi ja-ja kamar garwashi, ƙarƙashin haɓa ya yi kore-kore. Wata ɗalibata ta yi sati biyu tana kankarewa tana sakewa, ranar da ta cire baƙin fenti daga farantinta gaba ɗaya ranar fuskar ta tashi. Ka gwada da kanka, za ka fahimci Tanner fiye da duk abin da zan rubuta maka.

A 1894 ya sake yin wani irinsa, The Thankful Poor, tsoho da yaro sun sunkuyar da kai suna addu'a a kan ɗan abincin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan kuma sai ya koma labaran Littafi Mai Tsarki kusan gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da abokinka yake nufi, kuma a nan yana da gaskiya, haka aka yi.

To ya juya baya ne?

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, ba zan ɓoye maka ba. Alain Locke, babban masanin nan na farfaɗowar fasahar baƙaƙe a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, ya so a ce Tanner ya tsaya ya jagoranci salon zanen rayuwar baƙar fata, ya ga cewa an yi asara da bai yi ba. Kuma maganar kasuwa ma gaskiya ce, a Salon babban zanen tarihi ko na addini shi ke cin lambar yabo, hoton talaka baƙi a ɗakinsa kuwa ba mai saye, su baƙaƙen ba su da kuɗin, masu kuɗin kuma ba irin hoton da suke so ba kenan. Mutum yana da haya da zai biya. Duk wanda ya taɓa rayuwa da buroshi ya san wannan, ni kaina na yi shekaru ina zana hotunan masu kuɗi da allunan shaguna don in samu na sayen fenti, kuma ban ɗauke shi abin kunya ba.

Amma a ce don Turawa ya koma Baibul, wannan ne ban karɓa ba. Ɗan bishop ne fa. A cocin baƙaƙen Amurka labarin Annabi Musa da Fir'auna, da Daniyel cikin zakuna, da Li'azaru da ya fito daga kabari, ba tatsuniyoyin wasu mutane can ba ne, da su bayi suke yi wa junansu maganar 'yanci a waƙa lokacin da ba su isa su faɗa a fili ba. Yaron da mahaifiyarsa ta tsere daga bauta in ya zana mutum shi kaɗai a tsaye cikin duhu zakuna suna zagaye shi, ba sai an yi maka fassara ba. A zanen Li'azaru ma cikin masu kallo akwai baƙin mutum da rawani a tsaye.

Sannan ka duba yadda ya zana su. Wani attajirin Filadelfiya, Rodman Wanamaker, ya biya masa kuɗin tafiya Masar da Falasɗinu a 1897, ya sake komawa a shekarar da ta biyo baya, don ya ga ƙasar da idonsa, ya ga tufafi da gine-gine da kalar ƙasa da yadda rana ke faɗuwa a kan dutse. Har cikin wani masallaci a Alƙahira ya zana, zanen yana Boston. Daga baya ya je Aljeriya a 1908, ya je Tanja ta Maroko a 1912 ya yi ta zana ƙofofin gari da lunguna. Abin da ya fito daga tafiyar farko shi ne zanen da ni a wurina ya fi duka, na albishir ga Nana Maryam, 1898, yana gidan zane na Filadelfiya. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zana wannan labari da sarauniya cikin alharini da mala'ika mai fukafukai da fuskar Bature. Tanner sai ya zana yarinya 'yar talakawa a zaune a bakin gado, shimfiɗa a yamutse kamar yanzu ta farka, rigarta ta yi mata yawa, yatsun ƙafarta sun leƙo, ta haɗa hannu a cinya ta ɗan karkata kai tana kallo da tsoro da natsuwa a haɗe. Mala'ika Jibrilu kuwa bai ba shi jiki ba sam, wani dogon haske ne kawai a tsaye a gefen hagu, shi ke haska ɗakin duka. Na san mu Musulmi muna da matsayinmu kan zana annabawa da salihan bayi, shi Kirista ne yana aiki cikin al'adarsu, amma ko a nan ka ga ladabin mutumin, ya san akwai abin da buroshi bai isa ya kama ba sai ya bar shi haske.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da darasin banjo. Ɗaki ne na talaka a duka biyun, shiru ne, mutum ne da duniya ba ta ɗauke shi komai ba an ba shi cikakken mutunci, haske kuma yana shigowa daga gefe yana sauka a kansa. Ido ɗaya ne, zuciya ɗaya. Wannan karatuna ne ni, daga abin da ke kan ƙyalle nake magana, wani malamin zai iya kallo ya ga daban kuma ba zan ce ya yi laifi ba. Kuma ka sani hoton waya yana cin amanar Tanner sosai, musamman ayyukansa na baya da yake jera fenti hawa-hawa, na mai da wani haɗi nasa na kansa, har ya samu shuɗin nan mai ruwan kore da aka san shi da shi, a allo sai ka ga kamar shuɗi ne kawai a shafe.

Game da juya baya kuma, ƙofarsa ba ta rufe ba. Matasa baƙaƙe masu zane da suka je Faransa a shekarun 1920, irin su Hale Woodruff da Palmer Hayden da William H. Johnson, wurinsa suke zuwa ya duba aikinsu ya ba su shawara, a Faris ko a gidansa na Trépied kusa da Étaples a arewacin Faransa. Lokacin yaƙin duniya na farko yana dab da shekara 60 ya shiga aikin Red Cross ta Amurka, ya shirya noman kayan lambu a kusa da asibitocin sojoji, ya kuma zana sojojin Amurka a wurin cin abinci har da baƙaƙe a cikinsu. Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a 1923. Matarsa ta rasu a 1925, abin ya karya shi ƙwarai. A 1927 ƙungiyar manyan masu zane ta Amurka, National Academy of Design, ta ba shi cikakken matsayi, shi ne baƙi na farko da ya samu. Ya rasu a Faris ranar 25 ga Mayu 1937, aka binne shi a Sceaux kusa da matarsa. Sai a zamanin shugaba Clinton fadar White House ta sayi wani zanensa na tudun yashi a bakin teku a Atlantic City da faɗuwar rana, wanda ya yi tun wajen 1885 lokacin da ba mai sayen aikinsa, shi ne aiki na farko na mai zane baƙar fata da ya shiga taskar fadar ta dindindin.

In za ka yi gwajin fitilar nan, ka samu dattijo a gidanku ya zauna maka, da la'asar sakaliya ya fi kyau lokacin da hasken taga ya fara sanyi. Kar ka sa baƙin fenti a faranti. In ka gama ka kawo min in gani.